Mun Tafi Kumasi da Jininmu

Tun da na dawo ban huta ba. A shago, a masallaci, har a tashar mota ta Gusau, kowa ya gan ni sai ya riƙe mini hannu: "Sule, yaya Gana? Wai da gaske magani kyauta ne?" Na ba da labarin nan har bakina ya gaji, kuma duk wanda ya ji sai ya ƙara masa gishiri. Shekaranjiya wani ya tare ni yana rantsuwa wai an ce a Kumasi likita ke bin mutum har gida yana roƙonsa ya sha magani. To, ga shi na rubuta sau ɗaya. Wanda ya sake tambayata zan miƙa masa takarda in ci gaba da sayar da kayan babur ɗina.

Ba yawon buɗe ido na je ba, ƙafar mahaifiyata na je ceto. Inna a Kumasi aka haife ta, mahaifinta farken goro ne, ta auri Babanmu ta biyo shi Bungudu fiye da shekara hamsin da suka wuce. Duk tsawon shekarun nan matan unguwarmu ba su daina kiranta 'Yar Gwanja ba, suna kwaikwayon Hausarta a gidan biki. Ciwon suga ya daɗe da kama ta. Bara ta yi tuntuɓe a bakin murhu, babban yatsanta ya fashe, mikin ya ƙi warkewa.

Na kai ta asibiti a Gusau. Likitan yaron kirki ne, sai dai kana ganin idonsa ka san shi kaɗai ne a kan mutum ɗari. Ya duba ƙafar, ya ja takarda ya fara rubutu. Na ɗauka magani yake rubutawa, ashe cefane ne: safar hannu, auduga, bandeji, sirinji, ruwan ƙari, reza, da gudummawar man janareto. Na ce, "Likita, to ku mi kuka kawo?" Ya ce, "Ni na kawo kaina, Malam, kuma ka gode wa Allah, abokan karatuna duk sun bar ƙasar." Sannan ya gaya mini gaskiya: a yi mata allurar suga kullum, a ajiye allurar a sanyi, a wanke mikin kullum, in ba haka ba ƙafar za ta tafi. Ya ce in kuma nemo mai ba da jini ya zauna kusa, ko da za a shiga tiyata.

Wata uku muna wannan fama. Wuta ba ta zuwa, sai na riƙa ƙulle allurar a leda ina sakawa cikin randa. Kuɗinta kuwa kowane mako da sabon farashi. Mu ma fa muna da inshorar lafiya a ƙasar nan, ina jin ta a rediyo, kuma maƙwabcina ma'aikacin gwamnati yana da katinta. Amma ɗan kasuwa irina inshorarsa dangi ne, kuma nawa dangin sun fara ƙin ɗaukar waya. Ana cikin haka likitoci suka shiga yajin aiki, mikin ya fara wari. Ranar na ji tsoro, irin tsoron da ban ji ba tun rasuwar Baba.

Sai ƙanen Inna, Kawu Ɗanjuma, ya bugo daga Kumasi. Ya ce, "Ku kawo shi nan. An haife shi nan, yana da haƙƙin katin inshorar lafiya." Hausarsu ke nan, mace ma shi ce. Na ce tunda manyanmu duk waje suke fita neman magani, yau ni ma na zama babba, sai dai jirgina bas ne mai kujera goma sha takwas.

Na yi shiri irin na wanda ya san asibiti. Tabarma, bokiti, buta, kula biyu, tocila, kwalin safar hannu, sirinji, reza, auduga, ruwan ƙari leda shida, da galan na fetur. Saura jini. Aka bincika dangi kaf, wanda jininsa ya dace da na Inna mutum ɗaya ne, ɗan yayanta Iro, manomi a 'Yandoto ta ƙasar Tsafe, mai shekara hamsin da tumbi abin sha'awa. Na je har gona na same shi. Ya jingina da fartanya ya ce, "Zan tahi don Inna. Amma ka sani, jini ba ya zama sai da nama." Tun daga Talatar Mafara na gane abin da yake nufi. Duk inda mota ta tsaya sai ya dafa goshi ya ce yana jin jinin na raguwa, ni kuwa sai in ruga wurin mai tsire.

Daga Bungudu zuwa Sakkwato ba wanda ya yi hira a motar. Kun san hanyar, ba sai na faɗa ba. Kowa carbi, direba yana gudu, Inna ta miƙe ƙafarta a kan cinyata tana cije leɓe a duk rami. Sai da muka wuce Birnin Kabi mutane suka tuna suna da baki.

A Kamba aka ce ba a tsallaka iyaka sai da katin rigakafin shawara, wani kati ruwan ɗorawa. Na tambaya ina ake allurar. Wani mutum da ke zaune a gindin bishiyar bedi da jaka ya dube ni da tausayi, ya ce, "Alhaji, allura kake so ko kati?" Kafin in gama shan ruwa ya miƙo uku, da hatimi da sa hannu, har da ranar da aka yi mana allurar, wata ranar da ni dai na san ina shago. Iro ya ji daɗi ƙwarai, ya ce wannan ce allura mafi sauƙi da aka taɓa yi masa.

Direban da ya ɗauke mu a Gaya ta Nijar Bazabarme ne mai surutu. Da ya ji inda za mu, ya bugi sitiyari ya ce, "Ku 'yan Najeriya da man fetur ɗinku! Mu nan ƙananan yara kyauta ake duba su, mace in haihuwa ta gagara kyauta ake yi mata aiki." Na ji haushi. Wata mata a baya da goyo ta ce, "Kyauta ne, in akwai. Ran nan na kai wannan, suka duba shi kyauta, suka rubuta mini takarda kyauta, suka nuna mini kantin magani da yatsa, shi ma nunin kyauta." Motar ta kwashe da dariya.

A Jugu ta ƙasar Benin muka kwana, a wani masaukin fatake, ɗaki ɗaya da katifa wadda ta ga duniya. Matar mai masaukin ta kawo sakwara da miyar gyaɗa da soyayyen cuku. Inna an hana ta cin abu mai nauyi, ni kuma sakwarar ta ƙi wuce mini, ana haɗiye ta ne ba a tauna, ni kuwa haƙorana ba su saba zaman banza ba. Iro ya share kwano uku don kare lafiyar jini. Matar ta ga ina wanke ƙafar Inna da safe, ta kawo ruwan zafi da gishiri ba tare da na roƙa ba, ta ce su ma a nan in ba ka da kuɗi a hannu ko kallonka ba a yi a asibiti. Na ce ashe muna da 'yan'uwa.

Togo siririya ce, kafin Iro ya gama narkar da karin kumallo mun ratsa ta. A iyakar Gana ne abin ya so ya ɓaci. Wani jami'i dogo, baƙi wuluk, ya sa aka sauke kayanmu. Ya buɗe jaka: safar hannu, reza, sirinji, tocila, galan. Ya dubi tsohuwa mai naɗaɗɗiyar ƙafa, ya dube ni. Ya tambaya da Turanci wace ce wannan, na ce uwata ce, ba ta da lafiya. Ya nuna Iro, wanda ke gefe yana gwagwiyar masara, ya ce shi kuma fa? Turancina na aji uku ne, kuma gaskiya na faɗa. Na ce, "Shi jini ne."

Jami'in ya ja da baya. Ya ce in maimaita. Na ƙara bayani don ya fahimta sosai: na ce tun daga Najeriya muke ciyar da shi, in mun isa Kumasi za a ɗibi jininsa a ba tsohuwa. Wallahi kafin in rufe baki mutum huɗu sun kewaye ni, ɗaya ya riƙe mini wuyan riga, wani ya ja Iro gefe yana tambayarsa ko sato shi aka yi. Iro bai ji ko kalma ɗaya ba, yana ta gyaɗa kai yana cewa "yes".

Sai na ji murya daga bayana, da wani yare mai sauri kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Na waiwaya. Inna ce. Tana zaune a kan buhunmu, tana nuna jami'in da sandarta, tana zazzaga masa yaren Asante. Shekarata arba'in da shida, ban taɓa jin ta furta kalma ɗaya da harshen nan ba. Jami'in ya saki baki, sannan ya fashe da dariya har da riƙe ciki, ya kira sauran ya ba su labari. Suka ɗauko mata kujera, suna kiranta Maame, wato uwa. Wanda ya shaƙe ni ya gyara mini wuyan riga da kansa. Fetur ɗin dai sun riƙe. Da muka koma mota na ce, "Inna, ashe kina jin wannan yaren?" Ta ce, "Wa zan yi wa a Bungudu? Hausar ma da na yi ba ku bar ni ba." Kunya ta kama ni, don ni ma ina yaro na sha kwaikwayonta.

Kawu Ɗanjuma yana zaune a Zango, unguwar Hausawan Kumasi, gida mai ɗakuna da yawa da famfo ɗaya. Suka rungume juna da Inna suna kuka, tsofaffi biyu ba haƙora. Abincinsu wake da shinkafa ne da safe, da wani baƙin yaji mai ɗan karen daɗi, da dokunu, wani tuwon masara mai tsami wanda har na taho ban yafe masa ba. Koko da ƙosai kuwa, sai na ce sun fi mu iyawa, ko da za ku ji haushi.

Kada wani ya ce muku katin nan a bakin titi ake rabawa. Mun yi sama da wata muna zirga-zirga. Sai da aka nemo tsofaffin da suka san ranar sunan Inna, aka yi rantsuwa, aka ɗauki hoto, aka ce na'ura ta lalace, aka ce a dawo jibi, jibin ta zama mako. A wannan tsakanin da kuɗinmu ake wanke ƙafar. Amma ranar da katin ya fito, na tambayi matar ofishin abin da za a riƙa biya duk shekara, ta dubi shekarun Inna ta ce tsofaffi irinta an ɗauke musu, sai ɗan abin sabuntawa. Na tsaya ina jiran ta ce in ga mutum a waje. Ba ta ce ba.

Ranar da aka ba Inna gado na iso da kayana niƙi-niƙi, Iro na biye da bokiti. Shugabar ma'aikatan jinya wata gajeriyar mata ce mai faɗa, irin namu sak, don kada ku ɗauka nasu mala'iku ne. Na fara jera mata kaya a kan tebur cikin alfahari: ga safar hannu, ga sirinji, ga ruwan ƙari. Ta ɗaga leda ɗaya ta duba, ta ce, Kawu na fassarawa, "Wannan mutumin asibiti ya zo buɗewa?" Na ce a'a, haka ake yi. Ta ce a ina? Na faɗa mata. Ta kira abokan aikinta su zo su gani. Tabarmata kuma ta ce in naɗe, ba a kwana a gindin gadon maras lafiya, akwai lokacin ziyara. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wa zai juya ta, wa zai kai ta bayi, wa zai ruga kanti in an rubuto magani? Ta ce, "To mu aikin me muke?" Ni kuwa a sanina aikinsu rubuto takarda ne.

Sai na gabatar da Iro. Ta ce su ma sukan nemi dangi su ba da jini in ana bukata, ba laifi, a gwada shi. Aka kawo wata 'yar allura da ba ta kai ƙayar aduwa ba, za a tsaga masa yatsa. Iro ya dube ta, ya ce, "La'ilaha," ya sulale ƙasa. Mutum uku suka ɗaga shi. Da ya farfaɗo aka auna shi, aka ce jininsa ya hau sosai, ba za a ɗibi ko ɗigo ba, kuma ya rage nama da gishiri. Ƙasa huɗu na ratsa ina saya masa tsire! Bayan mako biyu ya ce damina ta kusa, na sa shi a mota ya koma 'Yandoto da jininsa cif, har da ƙari.

Ba zan yi muku ƙarya ba, can ma akwai wahala. Layin ganin likita tun asuba ake kama shi, kana iya wuni. Sau biyu aka ce wani magani kati bai ɗauke shi ba, sau ɗaya aka ce ya ƙare, na fita na saya. Na ga marasa lafiya kwance a baranda kamar a gida. Bambancin dai shi ne, ba wanda ya tambaye ni abin da ke aljihuna kafin ya taɓa ƙafar uwata.

Da la'asar akan zauna a ƙofar gidan Kawu, kuma zancen asibiti ya zama abin hira saboda ni. Akwai Alhaji Bawa, wanda ya yi shekaru yana gadi a Ingila. Ya ce can ko sisi ba ka biya, daga haihuwa har mutuwa, an riga an cire a haraji. "Amma layi! Na nemi a yi mini aikin gwiwa, aka ce za a aiko mini da wasiƙa. Na jira har na yi ritaya na dawo gida. Bara ɗana ya bugo ya ce wasiƙar ta iso." Akwai kuma Razaku, wanda ya ja tasi a Amurka. Ya ce can asibitocin kamar fadar sarki, injin da babu shi a duniya yana can, amma ranar da ya faɗi a kan ƙanƙara ya ji jiniyar motar asibiti na zuwa, da karyayyen hannu ya tashi ya gudu, don ya san abin da ɗaukar kaɗai za ta ci. Wani tsoho da ya zauna a Saudiyya ya ce can ɗan ƙasa sarki ne, baƙo kuwa sai abin da takardarsa ta ce.

Suka juyo gare ni. "Ku fa, manyan Afirka?"

Ni kuma ba na son a taɓa ƙasata a gaban baƙi. Na gyara zama na ce mu a wurinmu babu jiran wasiƙa, babu gudun motar asibiti. Razaku ya ce, "Don me?" Na ce don motar ba ta zuwa. Suka yi dariya har Alhaji Bawa ya ƙware. Ni ma na yi, amma ba ta kai mini ciki ba. Kowace ƙasa a cikinsu ta zauna ta yanke shawarar yadda za ta yi da talakanta in ya kwanta, wata ta yanke mai kyau, wata ta yanke mummuna. Mu namu masu yanke shawarar suna layin ganin likita a ƙasashen da ake ba ni labari.

Yatsan dai bai tsira ba, an cire shi. Amma ƙafar ta tsaya. Ranar da Inna ta taka ta daga gado zuwa ƙofa ba sanda, na fita baranda na yi kuka, ban damu da masu kallo ba. Na fara haɗa kaya, ina lissafin ranar da za mu kama hanya.

Likitar da ke duba ta ta zaunar da mu. Ta ce ciwon suga ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi. Allura kullum, awo duk wata, a duba idanu, a duba ɗaya ƙafar. Ta ce in an yi sakaci wata shida, za a dawo inda aka fara, kuma wannan karon ba yatsa ba ne. Ta tambaya ko za a iya samun haka a gida. Na buɗe baki zan ce za mu yi ƙoƙari. Inna ta riga ni.

"Sule, kai ka koma."

Na ce, "Inna, mi kike faɗi haka? Jikokinki fa? Ɗakinki? Kabarin Baba?"

Ta ce, "Babanku ba ya bukatar ƙafata. Na ga yadda ka rame a wata ukun nan, na ga shagonka ya koma rabi. In na koma, ko dai ƙafar ta tahi, ko kai ka tahi. Nan ina da kati."

Na yi faɗa, na yi lallashi, na haɗa ta da Kawu. Kwana uku ina abu ɗaya. A ƙarshe ta ce in kawo mata dalili guda wanda ba na kewa ba ne. Na nema ban samu ba.

Haka na hau mota ni kaɗai. Ban iya faɗa wa kowa a waya ba, na ce sai na isa. Da na sauka a Bungudu da hantsi, ƙanwata Hajara tana ƙofar gida tana shanya. Ta dube ni, ta dubi bayana, ta ga ba kowa. Ta saki zanen da ke hannunta ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu. Kafin in ce wani abu maƙwabta sun fito ana salati, wani dattijo har ya kama hannuna yana cewa Allah ya gafarta mata. Ban ga laifinsu ba. A garin nan in mai jinya ya dawo shi kaɗai, magana ɗaya ce.

Na ɗaga murya na ce Inna na nan da ranta, da ƙafarta, tana takawa har kasuwa. Aka koma hamdala. Aka tambaya yaushe za ta dawo, na ce ba rana. Matan da suka shekara hamsin suna kiranta 'Yar Gwanja suka dubi juna, ɗaya ta ce, "Oh, ita kam ta dace."

Da mutane suka watse Hajara ta kawo mini ruwa, ta zauna a bakin ƙofa tana murza gefen mayafinta. Ta ce tun bayan tafiyarmu take yawan jin ƙishi, tana tashi fitsari ba adadi, ta je wurin mai kemis ya tsaga mata yatsa. Ta faɗi abin da ya ce: suga. Shekararta talatin da takwas, 'ya'yanta biyar.

Ta ce, "Yaya, katin nan na Inna, ana gadonsa?"

Ban yi mata dariya ba. Ni ma sai da na tambaya kafin in taho.